Bayan an gama shirin farfaɗo da zuciya: yadda waya za ta taya ka ci gaba da motsa jiki

Shirin farfaɗo da zuciya, wato atisayen da ake sa mutum a asibiti ƙarƙashin kulawar ma'aikata bayan toshewar jijiyar zuciya ko tiyata, yana da ranar ƙarewa. A Amurka yawanci zama 36 ne cikin mako 12, a Ingila kuma tsakanin mako 6 zuwa 12. Cikin wannan lokaci mai jinya yana da abubuwa uku waɗanda ba ya sanin darajarsu sai sun tafi: rana da sa'ar da aka yanka masa, ma'aikaciyar jinya mai kallon bugun zuciyarsa a allo, da sauran marasa lafiya irinsa waɗanda za su yi cigiyarsa in bai zo ba. Ranar sallama ukun nan sukan tafi tare. Ƙarfin da aka tara cikin wata uku kuwa ba ajiyar banki ba ne, in aka zauna yakan fara zubewa cikin 'yan makonni.

Waya da agogon zamani za su iya cike wani ɓangare na giɓin, amma gara a san iyakarsu tun farko. A shekarar 2015 an wallafa sakamakon gwajin TEXT ME da Farfesa Clara Chow ta jagoranta a birnin Sidni na Ostiraliya. Masu ciwon jijiyar zuciya 710 aka raba gida biyu, aka riƙa tura wa rabi saƙon tes guda 4 a mako har wata 6. Waɗanda suka samu saƙon sun fi motsa jiki, hawan jininsu da kitsen jininsu suka sauka fiye da na sauran. Sai kuma gwajin VALENTINE na Jami'ar Mishigan, wanda aka fitar a 2023: mutum 220 masu halartar shirin farfaɗowa, kowa da agogon zamani a hannu, rabi kuma da manhaja mai tura musu saƙon ƙarfafa gwiwa. Bayan wata 6 ba a ga wani bambancin kirki ba a nisan da suke iya tafiya cikin minti 6. Abin da na fahimta daga waɗannan biyun shi ne tsadar na'ura ba ita ke tayar da mutum daga kujera ba. Na'ura tana amfani ne in an ɗora ta a kan lambobin da likita ya bayar, aka kuma samu wani ɗan Adam da ke duba lissafin.

Mataki na 1: karɓi lambobinka kafin zama na ƙarshe

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ana saura mako biyu a sallame ka, ka nemi mai kula da atisayenka ya zauna da kai ya rubuta maka waɗannan a takarda: bugun zuciyarka lokacin hutu, bugun da ya fi yawa da ka kai a gwajin motsa jiki, ƙasa da saman bugun da ya kamata ka tsaya a ciki yayin atisaye, gudun da kake yi a injin tafiya ko nauyin da ake sa maka a keke, da nisan da ka yi a gwajin tafiyar minti 6 in an yi maka. Ka tambayi awon jinin da in ka gan shi da safe ba za ka fita ba. Ka tambayi lambar wayar da za ka kira in kana da tambayar da ba ta gaggawa ba. Ɗauki hoton takardar da wayarka, ka ajiye asalin a gida.

Ga dalilin da ya sa wannan matakin ya fi kowanne nauyi. Yawancin agogo da manhajoji suna ƙiyasta iyakar bugun zuciya ta hanyar cire shekarun mutum daga 220. Wannan lissafi na masu lafiya ne, kuma ko a kansu yakan kauce. Mai ciwon zuciya kuwa galibi yana shan maganin da ke rage bugun, irin su bisoprolol, metoprolol, atenolol ko carvedilol. Ɗauki mai shekara 60. Agogo zai ce iyakarsa 160, ya yi ta zuga shi ya kai 130. Alhali a gwajin asibiti, da magani a jikinsa, iyakarsa ta gaskiya 122 ce, bugun hutunsa 62. Tazarar da ke tsakani 60 ke nan. In an sa masa kashi 40 zuwa 70 cikin ɗari na wannan tazara, sai a ƙara 24 da 42 a kan 62, wurin aikinsa, wato bugun da zai tsaya a ciki yayin atisaye, ya zama 86 zuwa 104. Wanda ya bi agogo da ka zai yi ta kora kansa zuwa lambar da zuciyarsa ba za ta iya kaiwa ba, ko kuma ya karaya yana ganin tafiyarsa ba ta da amfani tunda allo bai taɓa nuna masa ya shiga sahun masu ƙoƙari ba.

In an canza maka maganin rage bugun ko an ƙara yawansa, lambobin nan sun tashi aiki. Sai a sake tambaya.

Mataki na 2: zaɓi kayan aiki, kada su yi yawa

Wayar da ke aljihunka tana ƙirga taku ba tare da an sayi komai ba. Manhajar Health tana zuwa da iPhone, Samsung Health tana kan wayoyin Samsung, sauran wayoyin Android ma akwai irinsu. Ga wanda tafiya ce babban atisayensa, wannan ya isa a fara, muddin wayar tana jikinsa ba a kan tebur ba. Wanda ba shi da babbar waya ya yi amfani da ƙararrawar ƙarama da littafin rubutu. Ai gwajin Sidni ma saƙon tes ne kawai.

Agogo yana ƙara abu ɗaya muhimmi, wato bugun zuciya. Yana auna shi da koren haske da yake haskawa cikin fata, don haka yakan rikice in madaurin ya yi sako-sako, ko hannu yana yawan girgiza, ko akwai zane a fatar wurin, ko sanyi ya sa jini ya janye daga hannu. Ɗaura shi sama da ƙashin wuyan hannu kaɗan, ya kama ba tare da ya matse ba. Wanda bugunsa yake a rikice, musamman mai larurar da likitoci ke kira AF, kada ya dogara da lambar agogo sosai. Maɗaurin ƙirji mai auna bugun ya fi agogo gaskiya lokacin motsi. Hanya mafi sauƙi ta gwada agogonka ita ce ka sa shi a zaman asibiti na ƙarshe, ka kwatanta da abin da na'urarsu ke nunawa.

Sai na'urar awon jini ta damtse, ba ta wuyan hannu ba, da ma'aunin nauyi ga mai raunin zuciya.

Gargaɗi ga wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya ko mai ba ta shokin: a 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba da shawarar a nisanta waya da agogo masu maganaɗisu da na'urar da aƙalla inci 6, wato kusan santimita 15. Kada a sa waya a aljihun ƙirji na ɓangaren da na'urar take. Mai na'urar shokin kuma ya san lambar bugun da aka saita ta a kai, don ana so atisayensa ya tsaya ƙasa da ita da bugu 10 zuwa 20. Likitan da ke duba na'urar shi zai faɗi lambar.

Mataki na 3: saita wayar

Shiga saitin agogon ka goge iyakar bugun da ya ƙiyasta da kansa, ka sa wadda ke takardarka. In yana da ƙararrawar da ke kaɗawa in bugu ya wuce wata lamba yayin atisaye, sa saman lambarka. Cike shafin bayanan gaggawa, wanda ake iya buɗewa ko waya tana kulle: irin ciwonka, magungunanka musamman masu tsinka jini, da lambar wanda za a kira. Kashe duk sanarwar gasa da lambobin yabo da lissafin kalori. Bar biyu kawai, ƙararrawar lokacin fita, da mai tunatar da kai ka miƙe in ka daɗe a zaune. Sanarwa in ta yi yawa, cikin mako biyu ido ya daina ganinta.

Ƙararrawar fita ta kasance a ranaku da sa'o'in da kake zuwa asibiti a da. Jiki ya riga ya saba da su, iyali ma sun saba ba sa nemanka a lokacin. Kada ka bari wata hidima ta cinye wannan gurbi, don in ya tafi da wuya ya dawo.

Mataki na 4: mako ɗaya na ƙirga, sannan a sa buri

A makon farko kada ka canza komai. Yi atisayenka kamar yadda aka koya maka, ka bar waya ta ƙirga. Ƙarshen mako ka duba matsakaicin takunka a rana. Wannan ne tushenka, ko 2,500 ne ko 6,000.

Kusan kowace manhaja tana zuwa da burin taku 10,000. Lambar ba daga ɗakin bincike ta fito ba, daga sunan wata na'urar ƙirga taku ce da kamfanin Yamasa na Japan ya fitar a 1965. Binciken da Dokta I-Min Lee ta Jami'ar Harvard ta wallafa a 2019, kan tsofaffin mata fiye da 16,000, ya nuna masu yin kusan taku 4,400 a rana mace-macensu ya yi ƙasa da na masu yin 2,700, kuma ribar tana ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ta daidaita. Wani nazari na 2022 da ya haɗa bincike 15 ya sa wurin daidaituwar tsakanin 6,000 da 8,000 ga masu shekara 60 zuwa sama. Waɗannan ba a kan masu ciwon zuciya kaɗai aka yi su ba, amma sun isa su nuna cewa ba sai an kai 10,000 ba. Sauke burin zuwa tushenka, ka ƙara masa 500. In ka cika shi yawancin ranaku har mako biyu ba tare da wata alama ba, ƙara wasu 500.

Sai dai taku ba shi ne duka labarin ba. Kai-komo a cikin gida yana tara lamba, amma bai kai zuciya wurin aikinta ba. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa a 2020 minti ne: 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2, ga masu shekara 65 zuwa sama kuma a haɗa da atisayen daidaita tsayuwa kwana 3 don gudun faɗuwa. Don haka lamba biyu za ka riƙa bi, taku a rana da minti a mako, kuma ta biyun ce babba.

Mataki na 5: yadda zama ɗaya yake tafiya

A asibiti ba a taɓa ɗora ka a kan inji kai tsaye ba, a gida ma haka. Ƙa'idar da shirye-shiryen Ingila ke bi ita ce minti 15 na ɗumama jiki da minti 10 na saukowa. Mutane suna raina su don ba a gumi a cikinsu, kuma su ake fara yankewa in lokaci ya ƙure. Kuskure ne. Ɗumamawa tana ba jijiyoyin zuciya damar buɗewa kafin a nemi jini mai yawa daga gare su, abin da ke rage tashin ciwon ƙirji. Saukowa a hankali kuma tana hana jini taruwa a ƙafafu. In mutum ya tsaya cak bayan tafiya mai ƙarfi, awon jininsa kan faɗi, jiri ya ɗebe shi, bugun ma ya iya rikicewa. In lokaci ya yi kaɗan, tsakiyar za a rage, ba gefe biyun ba.

Tsakiyar minti 20 zuwa 30 ce a cikin lambobinka. Danna maɓallin fara atisaye a agogo, don a wannan yanayi ne yake auna bugun a kai a kai. Duba shi duk bayan minti biyar, ba kowane taku ba. Tare da shi ka riƙe ma'auni biyu da ba sa buƙatar caji. Na farko magana: in kana iya yin jimla cikakkiya amma ba ka iya waƙa, kana daidai, in kalma biyu ba sa fita sai ka ja numfashi, ka wuce gona da iri. Na biyu ma'aunin Borg da aka koya maka, wanda kai da kanka kake ƙiyasta wahalar da kake ji da shi, mai tashi daga 6 zuwa 20, inda ake so ka tsaya wajen 11 zuwa 14. Duk ranar da agogo ya ce lafiya lau amma jiki ya ce a'a, jiki za a bi. Haka in agogo ya nuna 150 kwatsam alhali kana tafiya kana hira ba ka jin komai, tsaya ka gyara madaurin, ka ƙirga bugun da yatsa na daƙiƙa 30 ka ninka biyu. In da gaske ya hau haka, ka daina, ka sanar da likita.

Wajen ƙarawa, lokaci ake fara ƙarawa kafin gudu. Minti biyar a mako ya wadatar.

Atisayen tsoka agogo ba ya ƙirga shi da kyau, shi ya sa ake mantawa da shi. Sa masa ƙararrawarsa daban, kwana biyu da ba sa jere. Tashi da zama daga kujera, tura bango da hannu, ɗaga dunduniya, jan roba mai miƙewa, kowanne sau 10 zuwa 15. Fitar da numfashi lokacin da kake yunƙurin, kada ka riƙe shi, don riƙewa yana harba awon jini sama. Wanda aka tsaga wa ƙashin ƙirji ya tabbatar likitan tiyata ya sake shi kafin ya ɗauki abu mai nauyi.

Mataki na 6: ranar da ba a fita, da lokacin da ake tsayawa

Kafin ka sa takalmi, minti biyu na dubawa. Zazzaɓi, gudawa, amai ko mura mai sauka ƙirji, babu fita. Awon jini na hutu ya haura 180 a lambar sama, ko ya wuce iyakar da aka rubuta maka, babu fita. Bugun hutu ya ɗaga sama da yadda ka saba ƙwarai ba dalili, ka dakata. Nan agogo yana da amfani na gaske, don yana ajiye bugun hutun kowace rana, kana iya ganin hawan da ya ɗauki kwanaki. Mai raunin zuciya ya hau ma'auni kowace safiya bayan fitsari kafin karin kumallo. Ƙarin fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ko kumburin ƙafa, ko haki in ya kwanta, alamar ruwa ne ke taruwa, kuma wayar asibiti za a kira ba tafiya za a yi ba. Mai ciwon suga da ke kan insulin ya auna kafin fita, ya riƙe abin zaƙi a aljihu. A bar awa ɗaya zuwa biyu bayan cin abinci mai nauyi. Tsananin zafi da tsananin sanyi duka suna ƙara wa zuciya aiki, sai a koma cikin ɗaki ko a sauya sa'a, musamman ga mai shan maganin fitsari.

A tsakiyar atisaye kuma, nauyi ko matsi a ƙirji, ciwo mai tafiya hannu ko muƙamuƙi ko baya, haki da ya fi ƙarfin aikin, jiri, gumi mai sanyi, tashin zuciya, duk ɗaya suke nufi: tsaya ka zauna. In an ba ka nitroglycerin, maganin ciwon ƙirji na ƙarƙashin harshe, yi amfani da shi yadda aka koya maka. In ciwon bai lafa ba bayan minti 5, kira lambar gaggawa, kada ka tuƙa kanka. Wanda ya sha maganin ƙarfin maza irin su sildenafil cikin awa 24 ko tadalafil cikin awa 48 ba ya shan nitroglycerin, haɗuwarsu tana kayar da awon jini warwas.

Akwai tarko a nan da ya kamata a faɗa a fili. Wasu agogo suna ɗaukar hoton bugun zuciya na ECG, sai mutum ya ji ciwon ƙirji ya ɗora yatsa, allo ya ce bugu daidai yake, ya kwantar da hankali. Wannan gwaji na layi ɗaya ne, an yi shi don gano rikicewar bugu, kuma kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa agogonsa ba ya gano toshewar jijiyar zuciya. Na asibiti layi 12 ne, ana kuma haɗa shi da gwajin jini. Minti goman da aka ɓata ana latsa agogo tsokar zuciya ce ke mutuwa a cikinsu.

Mataki na 7: sa mutum a cikin lissafin

Zaɓi mutum ɗaya, mata ko miji, ɗa, aboki, ko wanda kuka yi shirin tare. Kowane ƙarshen mako ka tura masa hoton allon da ke nuna mintocinka. Ku yi yarjejeniya cewa in bai ga saƙo ba zai kira. Ba a so ya zama ɗan sanda, kuma a guji wanda tsoro zai sa ya riƙa cewa ka zauna ka huta, don iyalai da yawa da kyakkyawar niyya suke mayar da mai ciwon zuciya kan gado. In akwai hali a kai shi zaman asibiti ɗaya ya ga irin aikin da kake yi a gaban ma'aikata.

Ka tambaya ko asibitinka yana da shirin ci gaba daga gida ta waya ko bidiyo. Nazarin Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya, da ya kwatanta shirin gida da na asibiti ya samu sakamakonsu kusan ɗaya ne ga marasa lafiyar da yanayinsu ya daidaita. Kafin ka ba kowace manhaja bayananka kuma, duba wa take ba su. Wadda ta nemi lambobin mutanen wayarka don ta ƙirga taku, goge ta.

Mataki na 8: in abin ya yanke

Zai yanke. Tafiya, rashin lafiya, rasuwa, aiki. Manhajoji suna son nuna jerin kwanakin da ba a fasa ba, kuma ranar da jerin ya karye mutane da yawa sukan watsar da komai. Lissafin mako ya fi na rana alheri, don ranar da ta kuɓuce ana iya rama ta. In hutun bai wuce mako ɗaya ba, koma da ɗan sauƙi. In ya kai mako biyu zuwa uku, fara da rabin lokacin, ka hau cikin mako biyu. In an kwantar da kai a asibiti ko wata sabuwar alama ta fito, sai likita ya ce a koma.

In kuwa allon ya nuna mintoci suna raguwa mako bayan mako ba wani dalili, ga rashin barci, ga rashin sha'awar komai, a duba ɓangaren damuwa. Kusan mutum 1 cikin 5 yakan shiga ciwon damuwa mai tsanani bayan toshewar jijiyar zuciya, kuma yana da magani. Ciwon tsoka da ya ƙi tafiya shi ma a faɗa wa likita, wani lokaci maganin kitsen jini ne ke kawo shi, amma kada a daina shan maganin da kai.

Mataki na 9: gwajin wata-wata da abin da za a kai wa likita

Sau ɗaya a wata, a wuri ɗaya mai shimfiɗe, a sa'a ɗaya bayan shan magani kamar kullum, ɗumama jiki sannan ka yi tafiyar minti 6 gwargwadon ƙarfinka ba tare da gudu ba. Rubuta nisan ko yawan takun, bugun da ka ƙare da shi, lambar Borg, da bugun bayan minti ɗaya da tsayawa. Ci gaba yakan fito ta fuska biyu, ko nisa ya ƙaru, ko nisa ɗaya amma da bugu ƙasa da na da. In nisan ya ragu wata biyu a jere alhali kana atisaye, kada ka jira ranar ganin likita, ka nemi a matso da ita.

Ranar ganin likita kada ka miƙa masa waya ya yi ta shafa allo, ba shi da wannan lokacin. Rubuta shafi ɗaya: matsakaicin minti a mako, matsakaicin taku, bugun hutu, awon jini na safe da yamma na kwana 7 da suka wuce, sakamakon gwajin minti 6 na kowane wata, da duk ranar da ka tsaya saboda wata alama tare da abin da kake yi a lokacin. In agogo ya taɓa aiko da sanarwar rikicewar bugu, fitar da hoton a takarda da kwanan watansa. A ƙasan shafin ka rubuta tambaya ɗaya da za ka maimaita a kowace ziyara: lambobin bugun da aka ba ni ranar sallama, har yanzu su ne, ko a sake gwaji?